Sauke dashbod ko ci gaba da ƙara gas: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce esin motarka na yin sanyi na 'yan makonni bayan an cika gas, sai ya koma hura iska mai ɗumi. Bakanike ɗaya ya ce ebaporeta ce ta huje, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya iska a bayan dashbod, sai an sauke dashbod an ciro akwatin hita da esi. Wani kuma ya ce a zuba maganin toshe huji, a riƙa ƙara gas.

Hanya ta biyu ba ta cin lokaci, cikin awa guda ka tafi da sanyinka. Sai dai gas ba ya fita shi kaɗai, yana jan man kwamfiresa, famfon da ke tura gas ɗin, ya tafi da shi. Kana ƙara gas, mai na raguwa, wata rana kwamfiresa ta ƙone ta watsa ɓurɓushin ƙarfe cikin bututai. Shi kuma maganin toshewar, irin wanda ke daskarewa idan ya haɗu da danshi, bai san inda huji yake ba. Yana iya toshe bawul ɗin da ke sakin gas zuwa ebaporeta, har masu injin janye gas su ƙi taɓa motar don kada ya lalata musu inji. Ni dai ba na ba kowa shawararsa.

Sauke dashbod kuwa aiki ne ja, a motoci da yawa yana cinye yini guda. Za a janye gas da inji, a cire kan batir a ɗan jira saboda jakar iska, a zubar da ruwan lagireto, a kwance tiyo biyu na hita da bututan esi ta ɓangaren inji. Daga nan a sassauta sitiyari, a zare soket-soket, a ɗaga dashbod da ƙarfen da ke riƙe da shi, sannan akwatin ya fito. Haɗarin yana wajen mayarwa: ƙugiyar roba ɗaya ta karye, dashbod ya riƙa ƙara a kan gargada, soket ɗaya aka manta, fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa. Bakaniken kirki za ka ga yana ɗaukar hoto da waya, yana ware notuna kashi-kashi.

Amma kada ka yarda a kwance ko noti ɗaya sai an nuna maka shaida. A zuba kalar gano ɗiga, a haska tiyon da ke zubar da ruwan esi a ƙarƙashin mota da fitilar UV, ko a kanga na'urar shinshina gas a bakin ramukan iska. Sau da yawa laifin na kwandensa ne, lagireton esi da ke gaban mota, da tsakuwa ta huda, ko zoben roba da ya bushe, kuma waɗannan ba ruwansu da dashbod.

In ta tabbata ebaporeta ce, a sauke. Tunda an buɗe, a duba ƙaramin lagireton hita da ke cikin akwatin. In tsohuwar mota ce a canza shi ma, don kada a sake wannan wahala. A sa sabon draya mai tsotse danshi daga gas, da sabbin zobba, a zuƙe iska da famfo kamar minti 30, a cika gas da awo daidai da abin da ke rubuce a takardar ƙarƙashin bonet. A nan ne kuma za ka ga ko gas nau'in R134a motarka ke sha ko R1234yf, domin ba a gauraya su.