Ardèche ko Dordogne: Inda Ya Fi Dacewa Iyali Su Kafa Tanti a Faransa

A watan Yuli ni da maiɗakina da yaranmu uku muka kwana a sansanoni biyu na bakin kogi a kudancin Faransa.

Na farko yana kusa da garin Vallon-Pont-d'Arc, a gaɓar kogin Ardèche, inda wani dutse mai siffar gada ya ratsa saman ruwa, tsayinsa ya haura mita 50. Wurin yana da kyau matuƙa, amma cunkoson masu kwalekwale ya yi yawa, ƙasar kuma tsandauri ce, har sai da turakun tantinmu biyu suka lanƙwashe kafin su shiga. Gangaren sauka ruwa yana da santsi, don haka ban saki hannun autarmu ba ko sau ɗaya.

Na biyun, a bakin kogin Dordogne daura da ƙauyen La Roque-Gageac, shi ne ya kwanta mini a rai, kuma shi zan ba mai ƙananan yara shawarar ya zaɓa. Akwai ciyawa da inuwar bishiyoyi, banɗakuna a tsabtace, gaɓar kuma ta tsakuwa ce mai sauƙin sauka, inda yaran suka wuni suna kallon ƙananan kifaye na gilmawa tsakanin ƙafafunsu. Sai dai ruwan yana da ja a tsakiya, saboda haka rigar hana nutsewa wajibi ce ga kowane yaro. Ranar Asabar muka sayo burodi da cuku a kasuwar garin Sarlat, tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota ba.