Itacen sassaƙa baka: sanda, tsagi, gora ko katako, wanne za ka saya?

Mai son sassaƙa baka da hannunsa yakan fara da tambayar wace bishiya ce ta fi. Ni kuwa ta uku nake ajiye wannan tambaya. Akwai biyu a gabanta: yaya jijiyar itacen ta kwanta, sannan ya bushe ko da saura? Miƙaƙƙiyar sandar dargaza da ta shekara tana shan iska a inuwa ta fi itace mai suna da aka yi oda da dala, muddin zarto ya ratsa jijiyarsa a karkace.

Dalilin yana jikin bakan kansa. Idan ka ja tsirkiya, bayan baka, wato ɓangaren da ke duban abin harbi, miƙewa yake yi, cikinsa da ke dubanka kuma matsewa yake yi. Ciki in ya gaza, sai ya yamutse a hankali, bakan ya zauna a lanƙwashe, ƙarfinsa ya ragu. Baya kuwa ba ya gargaɗi. Duk inda aka yanke masa jijiya, daga nan zai ɗaga ya fashe, kuma a saitin fuskarka abin zai faru. Saboda haka abin da kake biya wa kuɗi a gaskiya shi ne lafiyayyen baya, daga wannan kai har wancan, babu yanka, babu huji.

Mafi sauƙin samu ita ce zagayayyiyar sanda, reshe ko ƙaramar bishiya mai kaurin wuyan hannu. Da irinta maharbanmu suka saba aiki, kuma dargaza da ɗunɗu suna cikin itatuwan da aka san su da tauri da dawowa bayan an lanƙwasa su. Ba a nan kaɗai ba: mutanen Hadza na Tanzaniya har yau suna sassaƙa bakunansu da wata 'yar uwar dargaza, kuma da su suke kayar da manyan namun dawa. Sanda tana da araha, tana bushewa da wuri, kuma da ka ɓare ɓawonta a hankali ka sami bayan baka a shirye, wuƙa ba ta taɓa shi ba. Illarta ita ce bayan nata a gantsare yake, duk wahalar ja tana taruwa a siririn layi ɗaya na tsakiya. Ga kuma idanun rassa da ba a raba ƙaramar bishiya da su. Maganin wannan shi ne ka ba bakan tsawo, kar kuma ka nemi ƙarfin da ya wuce kima. A tuna fa, bakan maharbin gargajiya bai dogara ga ƙarfin ja kaɗai ba. Kibiyar kyauro ce marar nauyi, dafi ne ke ƙarasa aikin. Wanda ke son baka don wasan harbi daga nesa yana neman wani abu ne dabam.

Tsagi shi ne zaɓina idan ya samu. Ana sare gungumen da faɗinsa ya kai taƙi ko kusa da haka, a kafa masa ƙarfe a ka, a yi ta bugu har ya rabe biyu, a sake raba kowanne. Amfanin tsagawa shi ne itacen da kansa yake zaɓar inda zai rabe, jijiyarsa yake bi. In a murɗe ya girma, tsagin zai fito a murɗe, ka gani da idonka tun ba ka zaro kuɗi ba. Zarto kuwa miƙewa yake yi abinsa, ya ba ka katako sumul, ya ɓoye maka aibin. Ga yadda ake duba tsagi: ka ɗora kai ɗaya a ƙasa, ka kawo ɗayan saitin idonka, ka hango tsawonsa. 'Yar murɗiya kaɗan ba ta hana aiki, ana iya warware ta da zafin wuta ko turirin ruwa, amma idan fuskar da ke sama a nan ta koma gefe a can, ka bar wa mai shi kayansa. Sai ka bi ɓawon da yatsa. Layukan ɓawo in suna zagaye jikin itacen, jijiyar da ke ƙarƙashi ma haka take. Ka juya shi ka nemi ƙananan huji irin na tsinin allura da garin itace a bakinsu. Wannan ƙwaro ya riga ka shiga, kuma fararen sassan da ke daf da ɓawo yake ci, daidai wurin da kake buƙata. Wahalar tsagi ɗaya ce: ba kasafai ake samunsa a kasuwa a shirye ba. Sai ka yi magana da masassaƙi ko mai saran itace ka faɗa masa tsawon da kake so, ka kuma tabbatar ba daga gandun dajin gwamnati aka saro ba tare da izini ba.

Gora tana da nata hali. Ƙarfinta yana can waje, a siririn sashen da ke ƙarƙashin santsin bayanta, cikin kuwa laushi ne. Wanda ya kankare bayan gora don ya yi kyau, ko ya goge gaɓoɓinta har suka shafe, ya zubar da abin da ya saya. Gorar da ke fitowa a ƙasashenmu tana da kaurin jiki, wata ma kusan babu rami a cikinta, wannan kuwa alheri ne ga mai baka. Ka nemi wadda ta ƙosa, ta shekara uku ko fiye, wadda korenta ya fara komawa ruwan ɗorawa, gaɓoɓinta kuma suna nesa da juna. Tana saurin bushewa, ba ta cika karyewa farat ɗaya ba, shi ya sa ta dace da bakan yara da na mai koyo. Sai dai takan zauna a lanƙwashe bayan an yi ta jan ta, ƙwaro kuma yana son ta ƙwarai.

Katakon kasuwa ba zan daɗe a kansa ba. A Amurka masu koyo da yawa da shi suke farawa, domin akwai itatuwan da suka dace a shagunansu. Abin da ke 'yan katako a nan kuwa don ƙofa da rufi da kujera aka yanko shi. Farin katakon nan marar nauyi ba shi da ƙarfin baka, maɗaci kuma jijiyarsa a sarƙe take. In dole sai katako, ka zaɓi mai nauyi wanda layukansa suka miƙe daga kai zuwa kai a dukkan fuskokinsa huɗu, ka kuma manna wa bayan ɗanyar fata siririya don ta riƙe shi. Kana iya juya tuli guda ba ka sami ɗaya ba.

Sai na oda daga waje. Wanda sunansa ya fi fita shi ne itacen yu, na dogon bakan Ingila. Allah ya yi shi da launi biyu: farin sashe na waje mai jure miƙewa, jan ciki mai jure matsi, sai ka ce don baka aka halicce shi. Darajarsa ta kai Ingila ta kafa doka a 1472 cewa jiragen fatake su riƙa shigo da sandunan baka huɗu kan kowace tan ta kaya, domin na ƙasar bai wadatar ba. Jirgin yaƙin nan Mary Rose da ya nutse a 1545, aka ɗago shi a 1982, an sami bakuna 137 lafiyayyu a cikinsa, tsawonsu kusan mita biyu, masana kuma sun ƙiyasta ƙarfin jansu daga kilo 45 zuwa sama da 80. Labari ne mai daɗi, amma yu yana da tsada, yana da idanu, yana da laushin da ƙaramin kuskuren wuƙa ke bar masa tabo, ƙurarsa kuma guba ce, sai da takunkumi. Oseji na Amurka, mai launin rawaya, yana da nauyi, ba ya ruɓa, damina ba ta cika damunsa ba. Amma sai ka cire farin sashensa gaba ɗaya, ka bi zoben shekara guda, wato layin girman da bishiya ke ƙarawa kowace shekara, daga kai zuwa kai ba tare da ka huda shi ba, aikin da ke son hannun da ya saba. Hikori, wani itacen Amurka, shi ne ya fi yafe wa mai koyo, domin da wuya bayansa ya fashe. Shi kuma bushewa yake so sosai: a hunturun Kano ko Damagaram zai yi maka harbi mai kyau, da ruwa ya sauka sai ya sha danshi ya yi sanyi. Kar ka manta da kuɗin ɗauko itace mai tsawon mutum daga wata nahiya. Masu saidawa kan raba shi gida biyu don a haɗa a mariƙi, amma haɗin nan ma fasaha ce mai zaman kanta. Ban ga dalilin da zai sa bakan farko ya zama na oda ba.

Komai ka zaɓa, bushewa ce za ta yanke hukunci. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne in miƙe karkatacciyar sanda kake so. Amma ɗanyen itace in ka ɗaura masa tsirkiya ka ja, ya zauna ke nan a haka, ba zai dawo ba. Ƙa'idar masu aikin itace ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, kodayake a ƙasa mai zafi irin tamu, kuma in an rage masa jiki, bai kai haka ba. Kar ka tsaya ga maganar mai saidawa cewa ya bushe. Ka ɗora shi a sikeli, ka rubuta, ka sake bayan mako. Ranar da nauyin ya daina sauka, ya isa aiki. Hatsarinmu a nan gaggawar bushewa ce: iskar hunturu tana tsaga kawunan itace cikin 'yan kwanaki. Ka shafe kawunan biyu da kakin zuma ko gam ɗin kafinta tun ranar da aka sare, ka kwantar da shi a inuwa, sama da ƙasa saboda gara. Tsagewar da ta bi tsawon jijiya a can ƙarshe ana iya yanke ta a yar, shi ya sa ake sayen itace da rarar taƙi guda. Wadda ta gitta baya kuwa ba ta da magani.

Wajen tsawo, ka auna iyakar janka daga hannun da ke riƙe baka zuwa gefen bakinka, ka ninka biyu, ka ƙara kamar taƙi ɗaya. Ga matsakaicin mutum mai jan santimita 70, bakan zai kama wajen santimita 160 zuwa 165. Itace marar nauyi sai an ba shi faɗi, kamar santimita 5 kusa da mariƙi, mai nauyi kuma ya isa da ƙasa da haka. Ƙarfin kilo 14 zuwa 18 ya wadaci mai farawa. Gizago da wuƙa mai kaifi da magagari sun isa kayan aiki, kuma daga ciki kaɗai ake ragewa, kaɗan-kaɗan, ana ja ana duba ko fikafikan biyu, wato sashen sama da na ƙasan mariƙi, suna lanƙwasa daidai.

In ni ne da kuɗin a hannu, sandunan dargaza biyu ko uku zan saya lokaci guda, mafi miƙewa a cikin tulin, haɗe da gora ɗaya ƙosasshiya. Da gorar zan koyi daidaita lanƙwasa yayin da sandunan ke bushewa, in kuma ba masassaƙi sautun tsagi tun yanzu, don ya isa aiki baɗi war haka.