Ranar da wata tsohuwa ta titsiye marubuciya a laburaren unguwarmu

Masu tambayata abin da ya fi ba ni mamaki a Ingila sukan zaci zan ambaci jirgin ƙasa ko wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa, amma abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a ƙaramin laburaren unguwar da nake zaune a Manchester. Akwai ƙungiyar masu karatu da ke haɗuwa a can sau ɗaya a wata. Laburaren ne ke ba kowa aron kwafin littafin da aka zaɓa, ba a karɓar ko sisi, a je gida a karanta, sannan a dawo a tattauna. A wannan karon marubuciyar littafin da kanta aka gayyato.

Mace ce da ake sayar da littattafanta a manyan kantuna, amma ita kaɗai ta shigo rataye da jakarta, ta zauna a kujerar roba irin tamu. Ma'aikaciyar laburaren ta gabatar da ita a taƙaice, ta karanta mana 'yan shafuka, aka ba da damar tambaya. Nan take wata tsohuwa mai furfura ta ɗaga kwafinta, wanda ta cusa guntayen takardu a tsakanin shafukansa tunda ba a rubutu a littafin aro, ta ce babukan ƙarshe an rubuta su cikin gaggawa, kuma ba ta yarda uwar da ke labarin za ta yafe wa ɗanta cikin sauƙi haka ba, domin ita ma ta haifa, ta san zafin abin. Gabana ya faɗi, na sunkuyar da kai saboda kunyar da na ji a madadin baƙuwar. Ita kuwa murmushi ta yi, ta ciro alƙalami, ta tambayi tsohuwar daga wane shafi ta fara jin labarin ya kuɓuce. Ta amince da gaggawar, ta ƙi amincewa da batun yafiyar, suka yi ta ja-in-ja kowa yana kawo hujja daga cikin littafin, aka tashi babu wanda ya ga an raina shi.

Kun san yadda muke ƙaddamar da littafi a gida, ba sai na faɗa ba. Abin da kawai na tuna a wurin shi ne, na sha halartar irin taron a Kano inda aka yi jawabai aka sanar da gudummawa, aka watse ba tare da an sami mutum ɗaya da ya buɗe littafin ba, kuma da wani zai miƙe ya ce ƙarshen labarin bai yi ba, da an ce hassada ce ke cin sa.

Al'adar nan tasu ta daɗe. A shekarar 1852 Manchester ta buɗe laburaren aro kyauta da kuɗin harajin jama'a, Charles Dickens ma yana cikin marubutan da suka halarci buɗewar. Dokar 1964 ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da laburare, wata dokar ta 1979 kuma ta tanadi a riƙa biyan marubuci ɗan kuɗi gwargwadon yawan aron littafinsa. Ashe tsohuwar da ta titsiye baƙuwarmu ta riga ta sa mata wani abu a aljihu. Namu marubutan kuwa, masu shagon haya sun ci moriyarsu shekara da shekaru, yanzu kuma ana raba guminsu a WhatsApp ko godiya babu.

Kada ku zaci komai lafiya lau ne. Ɗaruruwan laburare sun rufe a ƙasar tun daga 2010 saboda tsuke bakin aljihu, namu ma ba kullum yake buɗewa ba. Taron masu karatun kuma sai ka kama kujera ta intanet kafin ranar, awa ɗaya na cika kuma a katse zancen ko da ya yi daɗi, a miƙo shayi salam da busasshen biskit, kowa ya sa rigar sanyinsa ya fice babu mai tambayar mutanen gidanka. Na yi kewar zaman majalisa bayan isha'i, inda ba agogo ke tayar da hira ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kantar harsunan baƙi, inda na ga Urdu da Larabci da Sinanci, ban ga Hausa ba. Da na yi ƙorafi, ma'aikaciyar ta ce in kawo sunayen littattafan da lambobinsu na ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayan bango, da kamfanin da za a saya a wurinsa. Na koma gida na duba waɗanda na taho da su daga Kano, na tarar yawancinsu marubutan ne suka buga da kansu, lambar wayar marubuci ce kawai a bayan bango.