Hattara da mai tallan gidan haya a Cinque Terre, ya damfare mu

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Italiya da masu shirin zuwa hutu. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan, to jiya sai na ga mutumin nan ya sake saka tallansa a wani zauren WhatsApp da sabuwar lamba, hotunan kuma su ne dai waɗanda ya turo min, shi ne na ce wallahi in na yi shiru wani ya faɗa da hakkinsa a wuyana.

Ni karatu nake a Pisa. Hajiyarmu da yayana da matarsa suka zo duba ni, na ce bari in kai su su ga Cinque Terre, ƙauyukan nan biyar da ke jere a gaɓar Bahar Rum a yankin Liguria, wato Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore, gidaje kala-kala a manne jikin dutse ruwa na dukan ƙasansu. Tun 1997 UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya, lokacin zafi kuwa masauki tsada kamar me, shi ya sa da na ga talla da sauƙi na yi saurin magana.

Mutumin Hausa yake yi tsaf, da sallama da tambayar iyali, Hajiya ma har gaishe ta ya yi a waya yana ce mata Mama. Ya ce gidan a Corniglia yake bakin ruwa, kana buɗe ƙofa ka taka yashi, akwai wurin ajiye mota, jirgin ruwa kuma zai sauke mu dab da gida, kwana uku yuro 480 har da katin Cinque Terre, wato na shiga jirgin ƙasa da hanyoyin ƙafa na wurin, na mutum huɗu. Na tura rabi a katin Postepay da ya ba ni, wato katin kuɗi na gidan wayar Italiya da ake loda wa kuɗi, sunan da ya fito ba nasa ba ne ya ce na matarsa ne, washegari ya kira wai wasu Turawa na son gidan in ban cika ba zai ba su, na cika.

To ku ji inda ƙaryar take, dan Allah ku riƙe wannan. A ƙauyukan biyar Corniglia ce kaɗai ba a bakin ruwa take ba, a saman dutse take kusan mita 100 sama da teku, jirgin ruwan fasinja ma ba ya tsayawa a can. Daga tashar jirgin ƙasa sai ka hau matakalar da suke kira Lardarina, taki sama da 370, ko ka jira ƙaramar bas. Yashin da ake kwanciya a kai a Monterosso yake. Mota kuma baƙo ba ya shiga da ita cikin ƙauyukan, a waje ake barinta, kusan kowa jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan La Spezia da Levanto yake bi.

Tun a jirgin ƙasa abin ya fara, mai duba tikiti ya kalli katin da ya turo mana a waya ya ce wannan na bogi ne, muka biya tara a gaban mutane. Muka isa Corniglia da jakunkuna, Hajiya ga ciwon gwiwa, muka tsaya cikin rana har bas ta zo. Lambar gidan babu ita a layin gaba ɗaya. Wata mai shago da na nuna wa hoton ta girgiza kai ta ce ba mu ne na farko ba. Na kira shi waya a kashe, WhatsApp ya toshe ni. Abin da har yau yake ci min rai shi ne Hajiya zaune a kan dakali tana ce min ba komai ɗana Allah ya sa haka ne mafi alheri, ni na san ta gaji matuƙa. Da daddare muka koma La Spezia muka kama otal.

Wanda zai kama gida ya nemi lambar CIN, wato lambar rajistar gidan a wurin gwamnati, doka ce yanzu a Italiya duk gidan hayar baƙi sai da ita kuma a jikin talla ake sakawa, namu tallan babu. Katin Cinque Terre a ofishin hukumar da ke kula da gandun Cinque Terre da ke tashoshin jirgin ƙasa ake saya ko a shafinsu na hukuma, ba a hannun wani ba. Har Via dell'Amore ya ce mana kyauta ce, hanyar ƙafar nan tsakanin Riomaggiore da Manarola da aka rufe a 2012 bayan zaftarewar duwatsu aka buɗe a 2024, alhali sai ka biya kuma ka kama lokaci tukuna. Kuma duk wanda ya ce ka loda masa kuɗi a kati mai sunan wani, ka tsaya nan.

Na kai ƙara wurin 'yan sandan Carabinieri da hotunan hirarmu da rasit ɗin turawa, duk wanda ya taɓa shi ma ya je ya shigar da tasa kar ya ji kunya. Tallan jiya cewa ya yi gidan a Positano yake gaɓar Amalfi, da hoton baranda ɗaya da wanda ya ce min na Corniglia ne.