Janti 14 da taya mai kauri a ƙafar tsohuwar Golf: abin da na gani a hanyoyin Damagaram

Motata Golf 3 ce, irin waɗanda Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, tawa mai injin 1.6 ce. Da jantin ƙarfe lamba 13 ta zo hannuna, da taya 175/70 R13. Bara kafin damina na sauke su duka huɗun, na sa jantin alminiyum na hannu lamba 14 da sababbin tayoyi 185/65 R14. Sun ga damina, sun ga hunturu, sun sha zafin Afrilu, don haka yanzu ina da bakin magana a kansu. Tayoyin na yaba musu ƙwarai. Jantin kuwa kyau kawai suka ƙara wa motar, kuma sun zo da nasu ɗawainiya.

A nan garin duk wanda ya ce zai canza ƙafafun mota, samari ne za su fara ba shi shawara. Ɗan yayata cewa ya yi, "Kawu, don Allah ka sa mata 17, ka ga yadda za ta zauna." Gaskiya ne za ta zauna da kyau, in a ƙofar gida aka ajiye ta ana kallo. Amma lissafin yana rubuce a jikin tayar kanta, kuma ba shi da wuya. A 185/65 R14, 185 faɗin taya ne da milimita, 65 tsayin gefenta ne a matsayin kashi cikin ɗari na wannan faɗin, 14 kuma girman janti da inci. Kashi 65 na 185 ya ba da milimita 120. Wannan ita ce robar da ke tsakanin janti da ƙasa. Tayar da motar ta zo da ita tana da 122. Wadda ake sa wa janti 15, wato 195/50, tana da 97. Wadda yaron ke so, 205/40 R17, milimita 82 kacal gare ta, kusan kashi ɗaya cikin uku na robar ya tafi. Gurbin da taya ke juyawa a jikin mota ba ya ƙaruwa, saboda haka duk abin da janti ya ci, daga jikin roba aka cire shi.

Wanda ya san hanyoyinmu ya san aikin wannan robar. Kwaltar cikin gari da ta hanyar Mirya ba laifi a wurare da yawa, amma bakin kwalta a gutsure yake, kuma da babbar mota ta matso ka dole ka sauka ka sake hawa. A lungunan Birni da Garin Malam dutse ne ke leƙowa daga ƙasa, irin duwatsun nan namu da ba a lallashinsu. Ga tudun rage gudu da mutanen unguwa ke yi da kansu, kowa da tsayin da ya ga dama. Taya mai siririn gefe in ta daki irin wannan, robar na matsewa har bakin janti ya cije ta, sai ka ga ƙulu ya fito a gefe kamar ƙurji. Taya in ta yi wannan ƙulun ta gama aiki, zaren cikinta ne ya tsinke, babu mai facin da zai gyara shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yashi. Ina zuwa ƙauyenmu ta wajen Magarya, kuma daga inda aka bar kwalta rairayi ne har ƙofar gida. In na iso bakinsa sai in rage iska a ƙafafun gaba har tayar ta ɗan baje, in sa giya ta biyu in wuce ba tare da na taka mai da ƙarfi ba. Taya mai kauri ce ke ba ka wannan damar, don tana da inda za ta lanƙwasa. Mai 40 ko 45 in ka rage mata iska janti ne zai zauna a ƙasa. Sai dai mutum ya tanadi famfo a but, don hawa kwalta da ragaggiyar iska a zafinmu shi ne hanya mafi sauri ta fasa taya.

To me ya sa ban tsaya a 13 ɗin ba, tunda ita ma kaurinta ke nan? Dalili biyu. Na farko, a shagunan da na zaga, sababbin 14 sun fi 13 yawa da zaɓi. Na biyu, lambar kaya. Bayan girman taya akwai wata lamba da harafi, lambar ta nauyin kaya ce, harafin na iyakar gudu. Tsohuwar 82T ce, wato kowace taya tana ɗaukar kilo 475. Sabuwar 86 ce, kilo 530. Motar da ake cika ta da mutum biyar da buhun gero da jarkar ruwa, wannan rarar ba ta yi yawa ba. Akwai kuma Golf 3 masu babban faifan birki, milimita 256, waɗanda janti 13 ba ya ma shiga musu, amma tawa mai ƙarami ce.

Da zan bi ma'aunin kamfani sak, 185/60 R14 zan sa, don tsayinta duka milimita 577 ne, kusan daidai da 575 na asali. Da gangan na ɗauki mai 65, wadda ta kai 596. Motar ta tashi daga ƙasa da santimita ɗaya, kuma a wurin da cikin mota ke gogar tudu, santimita ɗaya abin so ne. Amma akwai abin da aka biya. Taya ta ƙara tsawo da kashi uku da rabi cikin ɗari, don haka maleji ya daina faɗin daidai yadda ya saba: a kowace lambar da allura ta nuna, gudun da kake yi ya ɗan fi na da, kilomitan da yake ƙirgawa kuma sun gaza waɗanda ka yi. Wanda ke lissafin shan mai da maleji zai ga kamar motar ta ƙara ci fiye da gaskiya. Ta ƙara ɗin, amma kaɗan. Inda na fi ji shi ne ƙarfi. Injin doki 75 ne, ba shi da rarar da zai yi kyauta da ita, kuma a giya ta biyar da kaya, in hanya ta ɗan yi hawa, sai na sauko ta huɗu a wuraren da a da ba na saukowa. Sannan in an cika bayan motar aka faɗa rami, ƙafar baya ta dama takan ɗan taɓa bodi. Bakanikena ya ce sifirin ne ya gaji, ba laifin taya ba ne, kuma na yarda da shi, amma da gajeriyar tayar ba ta taɓawa.

Wajen sayen jantin ne aikin yake. Mutane da yawa ramukan noti kawai suke ƙirgawa, in sun ga huɗu su ce ya yi. Golf 3 ta gama-gari 4x100 ce, wato ramuka huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100, kuma haka Starlet take, haka tsofaffin Corolla da Civic da Opel da Renault da yawa. Peugeot ma ramuka huɗu gare ta amma 4x108 ce, ba ta hawa ko an yi ta dukanta. Ko a cikin masu 4x100 ɗin, ramin tsakiya ya bambanta. Na Golf milimita 57.1 ne, na Toyota 54.1, na Honda 56.1, na Renault 60.1. Jantin Starlet ba zai zauna a ƙafar Golf ba don raminsa ya yi ƙanƙanta, sai an kai wa mai injin ya rarake shi, ni kuma ba na son jantin da aka rarake. Wanda raminsa ya yi girma zai hau, amma ba zai zauna a tsakiya daidai ba sai da zoben da zai cike giɓin.

Nawa masu babban rami ne, kuma mai shagon bai ba ni zoben ba, bai ma ambace shi ba. Da aka ɗaura na hau hanyar Takeita, allura na kaiwa 90 sitiyari ya fara rawa a hannuna. An sake balansin, rawar ba ta tafi ba. Wani dattijon bakanike a Sabon Gari ne ya cire ƙafar gaba, ya rataya jantin a kan cibiya ba noti, ya girgiza shi da hannu ɗaya. Ana jin ƙarar wasan da yake yi, ƙwas-ƙwas. Ya zura farcen babban yatsansa a tsakanin cibiyar da jantin ya shige. Ya ce, "Malam, ka gani? Noti ne kaɗai ke riƙe da ita. Nemo zobe, in ba ka samu a nan ba ka yi saƙo Ƙofar Ruwa." Saƙon Kano na yi wa wani direba, zobba huɗu na roba masu tauri, kuɗinsu bai kai na cika tanki rabi ba. Ana sa su rawar ta ɗauke.

Shi ne kuma ya duba notin. Golf ba irin Toyota ba ce da ƙusoshi ke tsaye a ƙafa ana ɗaura musu noti. Ita dogon noti ne ke shiga cikin ƙafar. Wuyan na asali zagaye yake, yawancin jantin kasuwa kuwa mazauninsu mai gangare ne kamar mazurari. In ka ɗaura zagayayye a mai gangare, a siririn layi kawai suke haɗuwa, kuma yana iya kwancewa a hanya. Alminiyum ya kuma fi ƙarfe kauri, sai notin ya zama dogo kaɗan kafin ya kama sosai. Na sayi sababbi goma sha shida. Tsofaffin huɗu suna cikin leda a but, domin safayata jantin ƙarfe ce, kuma ita na asalin take so. Ɗaurin da kamfani ya ce 110 Nm ne (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ke nan), amma yaran masu faci tsayawa suke yi a kan sifana da ƙafa. Ni dai ina roƙonsu su ɗaure da hannu, don ranar da taya ta sace a daji ni kaɗai zan kwance.

Saura lambar ET, wadda ake bugawa a bayan janti. Ita ke nuna ko jantin zai shige ciki ko zai fito waje. Nawa 6J ne, wato faɗin inci shida, ET38, kuma ya zauna cikin bodi lafiya. Akwai masu 20 ko 25 da samari ke so don ƙafa ta buɗe. Waɗannan suna cin boris, suna sa sitiyari nauyi, da damina kuma su yi ta watsa wa ƙofofi taɓo.

Tayoyin sababbi na saya, ƙirar Asiya masu matsakaicin kuɗi, na bar na hannu da ake kawowa daga Turai duk da kuɗin sabuwa ɗaya zai sayi na hannu biyu. Akwai masu kyau a cikinsu, amma sai an tona. Kowace taya tana da lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Za ka ga taya da zanenta ɓul-ɓul, an shafe ta da mai tana ƙyalli, amma ta haura shekara takwas, in ka lanƙwasa gefenta ka ga ƙananan tsaga. Da yawa kuma tayoyin sanyi ne, masu hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a ciki. An yi robarsu da laushi don ƙasar da ruwa ke daskarewa. A kwaltar hanyar Tanut da azahar a watan Mayu, lokacin da iska kanta ta wuce digiri 40, irin wannan robar cinyewa take da sauri, birki kuma ba ya kamawa yadda ya kamata. Zanensu mai zurfi ne ya sa ake ruɗuwa da su. Nawa har yanzu zanen yana nesa da alamar milimita 1.6 da ke cikin kwarin, kuma cin ya tafi daidai ciki da waje tunda na sa an yi saitin ƙafa ranar da aka ɗaura. Ƙara suna da ita a sabuwar kwalta, fiye da tsofaffin. Ƙayar aduwa ta huda ɗaya, aka cusa mata roba ba a ko cire ta daga janti ba. Iska da safe nake aunawa kafin mota ta motsa, bisa lambar da ke manne a cikin murfin tankin mai.

Jantin alminiyum ɗin su ne ban gamsu da su sosai ba. Da na ɗaga ɗaya na ɗaga na ƙarfe lamba 14, bambancin nauyin bai taka kara ya karya ba. Bakinsu duk ya kwarzane, don masu facinmu da ƙarfe da guduma suke cire taya, ƙalilan ne ke da injin. Jantin ƙarfe in ya lotsa a hanyar Gure, kowane mai faci zai buga shi ya miƙe ka ci gaba da tafiya. Alminiyum tsagewa yake, sai walda ta musamman, kuma wanda aka yi wa walda ba na sake amincewa da shi a ƙafar gaba. Duk mai sayen na hannu ya juya bayansa ya shafa da yatsa ya nemi tabon walda, ya kuma sa a juya shi a injin balansin ya ga ko yana layi, kafin ya biya.

Wanda motarsa ba ta fita gari, daga gida sai wurin aiki sai kasuwar Dole, zai iya sa 15 da 195/50 ya ji daɗin kwana, tsayinta ma daidai yake da na asali. Mai zuwa ƙauye ko mai ɗaukar kaya ya nemi jantin ƙarfe lamba 14 na Golf ɗin kanta a wurin masu kayan hannu, ramin tsakiyarsa daidai, notinsa na asali, ba zobe ba saƙon Kano, ya zuba rarar kuɗin a sababbin tayoyi huɗu da safaya mai girma ɗaya da su. In injinsa ƙarami ne kuma sifirin baya ya kwanta, 175/65 R14 za ta fi masa sauƙi a kan wadda na sa, don tsayinta 583 ne, ba za ta taɓa bodi ba kuma ba za ta rage masa ƙarfi sosai ba.