Faifai uku daga dare ɗaya a 1977

Sana'ata haɗa lasifika da makirfo a wurin biki, don haka kunnena ya fi zuwa kan yadda aka ɗauki sauti kafin ya je kan waƙar. Ƙanena da ke karatu a Amurka ne ya kawo mini tsarabar faifan CD uku na mawaƙan Grateful Dead, wasan da suka yi a zauren Barton na Jami'ar Cornell da ke garin Ithaca ranar 8 ga Mayu, 1977. Ya ce, "Yaya, wannan naka ne." Wata biyu ke nan kullum yana cikin na'urar shagona.

Su waɗannan mutanen ba sa buga waƙa yau yadda suka buga ta jiya. Daga 1965 zuwa 1995, shekarar da jagoransu Jerry Garcia ya rasu, sun yi wasa sama da 2,000, kuma sun bar masoyansu suna ɗauka a kaset suna musaya. Wannan daren ma shekaru ya yi yana yawo hannu da hannu kafin a fitar da shi kasuwa a 2017.

Faifan farko sai da haƙuri. Waƙoƙi ne gajeru, masu daɗi dai, amma ba su suka kama ni ba.

Na biyu ne wurin. Za ka ji Bob Weir, ɗaya daga cikin masu jitarsu, yana roƙon jama'a su ɗan ja da baya, saboda ana matse na gaba. Suna gama wannan sai babbar jitar Phil Lesh mai kaurin murya, wato bes, ta sulalo, aka shiga waƙar "Scarlet Begonias". Daga nan fiye da minti 20 ba tsayawa, a cikinsu ta rikiɗe ta koma waƙar "Fire on the Mountain". Na mayar da wurin baya ya fi sau goma ina neman inda ɗaya ta ƙare ɗayar ta fara, ban samu ɗinkin ba. Makaɗan ganga biyu, Bill Kreutzmann da Mickey Hart, suna sassautawa a hankali, mai fiyano ya kafe kan 'yan sautuka kaɗan yana ta nanatawa, Garcia kuma yana lalube da jitarsa kamar mai neman ƙofa cikin duhu. Kowa kunnensa na kan ɗan'uwansa.

Wadda ta sa ake jin duk wannan ita ce Betty Cantor-Jackson, mai ɗaukar musu sauti. Na san wahalar hana kaurin bes danne muryar mawaƙi a babban zaure mai amsa kuwwa. Sau da yawa ina fama da makirfo huɗu kacal. Ita kuwa mutum bakwai ta jera, kowa da mazauninsa. Idan ka sa abin ji a kunne ka rufe ido, za ka iya nuna inda kowannensu yake tsaye. Ba mamaki ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa wannan ɗauka cikin sautukan da yake adanawa na tarihi.

Abu ɗaya nake kewa: jama'ar suna can nesa, tafinsu kamar ta bayan bango. A shafin Internet Archive akwai ɗaukar da 'yan kallo suka yi daga cikin taro, ga ƙura ga ihu, nakan koma can idan ina son jin zafin wurin. Amma idan dare ya yi na rufe shago, na nannaɗe wayoyi, faifai na biyun nan nake sakawa.