Sabara ko habbatus-sauda: wacce ta fi hujja a kan gyambon ciki?

Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce olsa ta matsa masa, wasu sun ce ya sha sabara, wasu habbatus-sauda, kowa na cewa likitoci sun tabbatar da tasa. Duka biyun an bincika su, amma gwajin ba iri ɗaya ba ne.

Sabara a jikin ɓeraye aka gwada ta. A 2005 masana a NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, suka fitar da bincikensu kan ruwan saiwarta. A irin wannan gwaji akan hana ɓera abinci, a ɗura masa maganin, a bi shi da barasa mai ƙarfi wadda ke ƙone tumbi, daga baya a buɗe cikin a auna raunukan. Waɗanda suka sha sabara ba su ji rauni sosai ba. Abin farin ciki ne, sai dai kariya ce daga ƙuna ta nan take, kuma saiwa aka gwada, ba ganyen da muke tafasawa ba. Gyambon ɗan Adam kuwa galibi ƙwayar cutar H. pylori ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac.

Habbatus-sauda ita ta kai ga mutane. A Saudiyya, 2010, an gwada ta a wani bincike na mutum 88 masu wannan ƙwayar cuta. Giram 2 a rana tare da omeprazole (maganin rage asid ɗin ciki) ya kashe ƙwayar a jikin kashi 67 cikin 100, haɗin magani uku na asibiti kuma ya kai kusan kashi 83. Masu shan giram 3 kashi 48 suka samu, don haka ƙara cokali ba ƙara waraka ba ne. Mutanen ma ciwon ciki gare su, ba gyambo ba.

A ganina habbatus-sauda ta sha gaban sabara a hujja, amma ba wadda zan yarda maigida ya dogara da ita kaɗai. Ya je a yi masa gwajin bayan gida ko na numfashi don a duba ko yana da H. pylori. In an ga ƙwayar, maganin kwana 14 ne, a shanye shi duka ko da ciwon ya lafa, kuma ya faɗa wa likita abin da yake sha na gargajiya. Ki duba ko yana sayen haɗin ƙwayoyin gajiya a kemis, domin sau da yawa daga nan ɓarnar take. In bayan gidansa ya yi baƙi wuluk ko ya yi aman jini, a kai shi asibiti a ranar.